Ruwa a Goshin Jikan Katung

Woodbridge, Virginia
9 ga Mayu, 1986

Zuwa ga surukina Malam Jerome Dung,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, da iyayenka, da mutanen Jos, da aikin koyarwa a jami'a. Ni ne Baba Katung, da hannuna nake rubutawa, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. 

Na san saƙon matarka Olive ya riga ni, amma saƙon waya ba ya faɗin kamanni. Ɗanka ƙato ne. Goshin naka ne, kunnuwan na gidanmu ne, kada danginka su yi mini gardama. In ya damƙe yatsana sai in ce wannan da ya zo da wuri da na ba shi guduma mun gyara layin dogo tare a Kafanchan. Na yi rawa a asibitin har abokan aikin Olive suka taru suna tafi, ita kuma tana cewa, “Baba, don Allah ka zauna, a nan nake aiki.” Ban zauna ba. Jikana na fari namiji, ina ni ina zama?

Mai jego tana samun ƙarfi. Maƙwabciyarmu Hajiya Sailuba, mutuniyar Kano, tana kawo mata kunun kanwa kullum. In hutun haihuwa ya ƙare, Olive za ta koma bin wannan babban titi da motoci ke jeruwa kamar tururuwa, ni zan zauna da yaro da rana.

Yanzu ga babban labari. Na sami cocinmu a nan kusa. Su suna ce masa Efiskofal, amma Angalikan ne sak. Tsohon gini ne na jan bulo, an ce tun Sarkin Ingila yana mulkin ƙasar nan aka gina shi. Sujada tana tafiya kamar tamu, suna amsawa da Turanci, ina amsawa da Hausa a hankali, kuma tare muke kaiwa Amin. A baya akwai wani ɗan bene mai ƙunƙuntar matakala. Ka san a gida wanda aka ɗora sama shi ne babba. Na hau na zauna ni kaɗai kamar gwamna, ina ƙirga sanƙon Turawa. Bayan an tashi limamin ya zo ya kama hannuna biyu ya ce in sauko gaba. Na ce a'a, nan ya fi mini daɗi. Ya yi ja har kunne. Mutumin kirki ne, mai kunya.

Mun yi magana da shi, za a yi wa yaro baftisma Lahadin ƙarshe ta Agusta, kafin bizata ta ƙare. Na sa masa Alexander, sunan katikis, malamin cocin nan mutumin Wusasa da ya koya mini baƙi a makarantar yamma bayan na yi furfura, da fitilarsa da kananzirinsa. Ba don shi ba, da yau wani yaro nake roƙo ya rubuta maka murnata.

Ka gai da kowa.
Naka, Baba Katung

Jos
3 ga Yuni, 1986

Baba,

Na gaishe ku da girmamawa. Muna lafiya. Na gode da rawar da kuka yi a madadina. Yarjejeniyar da na sa wa hannu lokacin da aka biya mini karatu ta ɗaure ni a nan sai hutun Disamba, don haka ku kuna ɗaukar ɗana, ni ina karanta shi a takarda.

Zan faɗi magana biyu, ku yi haƙuri da nauyinsu.

Ta farko, suna. A gidanmu, kamar a gidanku, dangin uba ke raɗa suna. Ranar da baffannina suka kawo awaki Kafanchan, ba ku ce al'adar ta tsufa ba. Sunan yaro Chuwang, sunan kakana. Di'o ya aiko aka ɗebi mutanen ƙauyenmu su yi dakon dutse don gina wa Turawan kuza coci. Chuwang ya ɗauka har gashin tsakar kansa ya mutu. Da aka gama ginin, limamin ya sa wa cocin albarka, kuma Chuwang bai taɓa taka dokin ƙofarsa ba, don ba a yi shi domin irinsa ba. Ban raina Malam Alexander ba. Amma ku tambayi kanku sunan da uwarsa ta sa masa, da wanda ya raba shi da sunan.

Ta biyu, cocin. Shekarun da na yi ina karatu a College Park, can kusa da ku, tarihinsa na zauna ina tono, kuma na shiga irin ginin da kuke yabo. A zamanin da aka gina shi, coci da gwamnati tukunya ɗaya suke ci. Haraji ake karɓa da ganyen taba a biya limami, ko kana bin cocin ko ba ka bi. Manyan ikilisiya su ne masu gonaki da bayi. Da suka ji tsoron kada baftisma ta 'yanta bawa, sai suka kafa doka cewa ruwa ba ya kwance igiya. Daga nan suka saki jiki suna yi wa bayinsu baftisma.

Baba, benen da kuka hau ba na manya ba ne. Nan ake tara bayi, don su ji wa'azin biyayya ba tare da sun goga kafaɗa da iyayengijinsu ba. Abin da ya sa limamin ya yi ja ke nan. Kuna ƙirga sanƙonsu, su kuma suna addu'a ku sauko kafin wani ya ɗauki hoto.

Ba za a kai ɗana can ba. Ba za a yi masa baftisma ba sai ya girma ya nema da bakinsa. Ku gaya wa limamin ya soke ranar.

Surukinku,
Jerome

Woodbridge
20 ga Yuni, 1986

Ɗana Jerome,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, yaro yana ƙiba, wuyansa ya ɓace.

Kullum in na ji motar mai kawo wasiƙa sai in fita da shi a kafaɗa, amma shiru daga Jos. To, shiru ma amsa ce, kuma na ɗauke ta a kan “to”. Olive tana ta cewa, “Baba, mu jira Jerome, ka san halinsa.” Na ce mata wane uba ne zai ƙi albarka?

Shiri ya yi nisa. Madam Irene ta Annandale ta yarda ta zama uwar baftisma, har ta fara ɗinka farar riga. Abokinka Choji zai tsaya a matsayin uba, ya ce zai cika mota da ɗaliban College Park in dai akwai tuwo. Matan Kaduna da na Filato sun raba girki, sun kusa faɗa a kan wa zai yi gwate. Ni kuwa kowace Lahadi ina benena. Na fara kiran yaron Alexander, kuma yana juyowa.

Ka rubuto ko layi biyu ne.
Baba Katung

Woodbridge
9 ga Yuli, 1986

Dakta Jerome,

Tunda yanzu ajin tarihi muke, bari in kira ka da sunan aikinka. Ina gaisuwa. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Wasiƙarka ta farkon Yuni sai shekaranjiya ta iso. Ban san inda ta kwana wata guda ba, amma da ta ƙara kwana. Na karanta ta sau biyu, na ba Olive, ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na sa ta tambayar mini limamin zancen benen. Bai yi musu ba. Na sake hawa ranar da ba kowa, na duba da idon da ka ba ni. Bencin ba majingini. Matakalar ba ta wuce mutum biyu. Ka yi gaskiya, kuma ka ji daɗin faɗinta, na ji daɗin a cikin rubutunka. Ka mai da tsoho abin dariya a gaban 'yarsa, Allah ya ƙara ilimi.

Amma kana tsammani sai da ka haye teku aka san Bature ba ya zama da baƙin mutum? Ni na shafa wa ƙafar taragonsu mai ina kwance a ƙarƙashi, suna shan shayi a sama. Na san su kafin a haife ka. Abin da nake tambaya shi ne, mutanen da aka tara a benen nan, kunnensu a toshe yake? An karanta cewa bawa ya yi biyayya, sun ji. An kuma karanta yadda Allah ya fitar da bayi daga Masar, wannan ma ta hau matakalar. Jikokinsu ne nake gani a garin nan ran Lahadi, sun sha huluna suna cika nasu cocin. Ka je ka ce musu ruɗarsu aka yi.

Zancen suna na bar maka. Na yi azarɓaɓi, murna ce ta ɗebe ni. Chuwang ne, na daina kiran ɗayan, ko da yake bakina yana tuntuɓe. Suna na gidan Dung ne. Amma ruwa ba na gidan Dung ba ne.

Akwai abin da Olive ba ta gaya maka ba don ita ma ba ta san shi duka ba. Tana da wa. Marigayiya matata Selina ta haife shi da damina, lokacin limami yana zuwa mana daga nesa sau biyu ko uku a shekara. Muna jiran zuwansa zazzaɓi ya riga shi. Katikis na lokacin ya ce wanda ba a yi wa baftisma ba, ba a karanta masa addu'ar binnewa, ba a kuma sa shi cikin shingen maƙabartar coci. Na haƙa masa a bayan shingen, inda awaki ke kiwo. Selina tana kwance a ciki yanzu, ɗanta yana waje, waya ce tsakaninsu. Kai kana zancen sai ya girma. Wa ya ba ka takardar cewa zai girma?

Ban soke ranar ba. In uba ya yi nisa, kaka ne ke tsaye.

Katung

Jos
26 ga Yuli, 1986

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji kun ce kuna lafiya, na gode Allah.

“In uba ya yi nisa.” Na fahimta. Wato na gudu na bar mace da ciki, don haka ɗana ya zama na wanda ya tsinta. Ku ne kuka ce mini a tsakar gidanku namiji ba ya karya alkawarin gwamnati, in koma in yi aikina, za ku je ku kula da ita. Kula na roƙa, ban ba da gado ba.

Na yi baƙin cikin labarin wan Olive, ban sani ba. Amma tunda ku kuka ɗauko shi ku buge ni da shi, zan amsa. Wa ya sa shi bayan shinge? Ba ni ba ne, ba zazzaɓi ba ne. Cocinku ne. Sun ƙi aiko limami, sa'an nan suka hukunta jariri saboda limami bai zo ba. Kuka haƙa rami a wurin awaki, ran Lahadi kuka koma kuka durƙusa musu. Abin da na yi shekaru ina rubutu a kai ke nan, Baba. Ba bulala ce ta riƙe mu ba, wannan tsoron ne. Su suka gina shingen, su suke sayar da mabuɗinsa. Yanzu kuna so ku ɗora wa ɗana tsoron tun bai iya zama ba.

Zancen mutanen bene kuma, ba zuwa suka yi ba, kawo su aka yi. Kuma da suka sami ƙafa, ficewa suka yi suka gina nasu. Ku ne kaɗai kuka hau da kanku.

Na rubuta wa Olive da Choji. Choji ba zai tsaya ba. In aka kai yaron nan wurin ruwan nan, to ku san kun zaɓar wa 'yarku tsakanin ubanta da mijinta, kuma ba ni na kawo zaɓin ba.

Jerome

Woodbridge
22 ga Agusta, 1986

Jerome,

Gaisuwa. Chuwang lafiya, Olive lafiya. Jirgina zai tashi mako mai zuwa, wataƙila in riga takardar nan isowa.

Maganarka a kan ɗana na ajiye ta, ba zan amsa ba. Ban taɓa jin wanda ya taka kabari da takalmi kamar yadda ka yi ba, kuma abin haushin, ban sami inda zan ce ka yi ƙarya ba.

Na soke ranar. Ba don kai ba, don Olive, da ta rame kamar ba mai jego ba. Na je wurin limamin da kaina. Na buga wa Madam Irene waya, ta ce, “Baba, rigar fa? Har leshi na sa mata.” Na ce ta ajiye wa wani mai rabo. Matan girki kuwa har yanzu ba sa gaishe ni da kyau. Na sha kunyar da ban sha ba tun ina yaro.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ban so ka ji a bakin wani.

Ran Talata aka yi wa yaro allurar rigakafi. Washegari jikinsa ya yi zafi. Olive ta taɓa shi ta ce zafin allura ne, ta ba shi magani ta tafi aiki. Ta yi gaskiya, kafin yamma ya sauka. Ba zan ce maka yana bakin mutuwa ba, don ba haka ba ne. Amma da rana tsaka ina riƙe da shi, zafin yana ratsa rigata, numfashinsa yana sauri, sai hannuna ya tuna wani nauyi irin wannan. Na zagaya falo, na zauna, na tashi. Malam Alexander ya taɓa koya mana cewa in rai yana cikin haɗari kuma ba limami, kowane mai bi yana iya yin baftisma. Ranar da na ji haka na fita daga ajin na yi kuka a bayan ɗaki, don da na sani tun da, da ɗana yana cikin shinge.

Na ɗebi ruwan famfo a kwanon da ake dama masa madara. Na tsaya a kicin, na zuba masa a goshi sau uku, da Hausa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Na kira shi Chuwang. Ban ƙara komai a kai ba.

Ba zan ɓuya a bayan cewa ban kai shi coci ba. Na san abin da ka hana, kuma shi na yi. In aka mai da ni ranar Laraba, zan sake.

Na gaya wa Olive da ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓe shi daga hannuna ta ce, “Baba, na bar maka shi ne don na yarda da kai.” Tun daga ranar, in za ta fita sai ta kai shi gidan Hajiya Sailuba. Ina jin kukansa ta bango, na san na yunwa, na san na barci, ba ni da ikon tashi. Jiya Hajiya ta leƙo ta ce, “Baba, ka shigo mana ka gan shi, ai ba a hana ido ba.” Na ce mata uwarsa ba ta ce ba. Na zauna ina ninke kayana.

Kada ka ɗora wa Olive, ba ta sani ba. Fushinka ka kawo shi Kafanchan, ka san gidan.

Katung

Jos
15 ga Satumba, 1986

Baba,

Na ji kun sauka lafiya. Sannunku da hanya.

Kun sa masa sunan kakana, kun zuba masa ruwan gidan da ya hana kakana shiga. Kada ku jira godiya a kan rabin farko. Ban ɗora wa Olive komai ba, ita da ni mun gama magana. In na kawo su gida za ku ga jikanku, a hannun uwarsa, ni ina wurin.

Ba zan zo Kafanchan ba. Doya da akuyar da nake kawo muku kowace Kirsimeti ba za su yanke ba, ƙanena zai kawo, don ku uban matata ne har gobe.

Abu ɗaya ya rage. Kun faɗi kwanon, kun faɗi kicin, ba ku faɗi yaron ba. Ni ban taɓa jin muryarsa ba. Da ruwan ya taɓa shi, ya yi kuka ne ko ya yi shiru? Ku ba ƙanena amsar in ya zo.

Jerome